Shekarar da Aka Ɗora wa Laraba Ƙwarya a Ka

Kwanakin baya wasu 'yan mata ɗalibai suka same ni a gidana da ke Gwagwalada, wai sun zo in koya musu rubutun littafi kafin hutu ya ƙare. Kafin hutu ya ƙare fa! Ɗaya daga cikinsu, wata mai gilashi da baki kamar reza, ta dube ni ta ce, "Anti Hajara, ai naki ma ya fi sauƙi. Soyayyar zamanin da ce, ba wanda ya gani. Duk abin da kika rubuta ya zauna, wa zai ƙaryata ki?" Na yi dariya har sai da na ajiye kofin kunun da ke hannuna, na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu shi zan maimaita a nan, don na san irinsu suna da yawa, kuma ba duka ne za su iso ƙofata ba.

Sana'ata rubuta littattafan soyayya, amma soyayyar mutanen da, zamanin fatake da jakuna, tun mota ba ta san hanyar nan ba. A kanta na yi furfura. Da ita na aurar da 'ya'ya, da ita na rufa gidan nan, kuma alhamdu lillahi littattafaina sun shiga garuruwan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Sai dai jarin wannan sana'a ba biro da takarda ba ne. Jarinta tsofaffi ne, da yardar da suka yi miki har suka buɗe baki suka ba ki labarin kakanninsu. Ranar da suka daina yarda da ke, ki tattara komatsanki ki nemi wata sana'ar. Ni akwai shekarar da saura ƙiris haka ta faru da ni a kan hoton bangon littafi. Zan zo kanta, amma sai kun ji yadda aka faro.

Aikin farko da na yi da haruffa, na wani ne ba nawa ba. Ina amarya muka zo daga Zariya, maigidana ƙaramin ma'aikaci, muka kama ɗaki a Mararaba. Zaman banza ya ishe ni, na samu aiki a wani shagon buga takardu, ina kan tafireta daga safe zuwa la'asar. A nan wani dattijo, Malam Isiyaku, yake kawo aikinsa. Wasan kwaikwayo yake rubuta wa rediyo, duk na zamanin da, kuma rubutun hannunsa sai ka ce kaji sun yi tono. Sauran masu buga takarda gudunsa suke yi, ni kuwa ina so, don ina bugawa ina jin daɗin labarin. Da na ga na buga da yawa, sai raina ya ce mini ai ni ma na iya. Na cika littafin rubutu guda da labarin wata budurwa a tsohon birni, na miƙa masa ina sunkuyar da kai.

Ya zauna a bencin ƙofar shago ya karanta. Can ya ɗago ya ce, "'Yar nan, yarinyar nan taki da ta kunna fitila, da me ta kunna?"

Na ce, "Da ashana, Malam."

Ya ce, "Madalla. Wa ya sayar mata?"

Sai a nan na tuna a zamanin labarin ba a san ashana ba. Ya ci gaba da bin shafukan da jan biro. Tumatir a miya, ya ja layi. Atamfa, ya ja layi. Inda saurayi ya ce zai dawo nan da minti biyar, Malam ya yi dariya har da tari, ya ce a tambayi saurayin nan inda ya sayi agogo. Da ya gama, littafin ya koma ja kamar an yanka kaza a kansa. Amma bai ce in daina ba. Cewa ya yi, "Kin iya sa mutum ya so juya shafi, wannan ba a koyar da shi. Sauran kuwa, je ki zauna da tsofaffi. Kada ki ce su ba ki tarihi, sunayen sarakuna za su jero miki. Tambaye su abin da kakarsu take sawa a miya." Shekaru na yi ina kai masa rubutu yana ja, kafin ya bar ni na kai wani abu maɗaba'a. Allah Ya ji ƙansa, har yau da jan biro nake gyara.

Kayan aikina na farko rikoda ce mai kaset, mai cin batir kamar ba gobe. Tsohuwa tana tsakiyar labari mai daɗi, sai ki ji ta ƙulle ta tauna kaset, ki zaro shi ki sa biro kina naɗewa, tsohuwa kuma ta tashi duba tukunya, labarin ya tafi ke nan. Bayan rikoda akwai littafin rubutu mai layi, da goro, da sabulu, da ɗan gishiri, don ba a zuwa wa tsoho hannu biyu. Yanzu waya ta maye gurbin rikoda, amma ba ta maye gurbin zama ba. Tsohuwa ba ta ba ki labari ranar farko. Ranar farko za ta gaya miki ciwon gwiwarta. Zuwa na biyu ki ji halin surukarta. Sai ta ga kin ci abincinta ba ki yatsina fuska ba, kin tuna sunan jikanta, sannan wata rana kuna ɓarar gyaɗa ta ce, "Ai kakata ma haka ta yi." A nan aiki yake farawa, kuma in kika yi saurin zaro waya sai ta fasa.

Akwai wani babi da ya cinye mini damina guda, alhali bai fi 'yan shafuka ba. Saurayin falke ne, da rani kawai yake ratsa garin, shekara-shekara. Ba waya, ba wasiƙa, ba zance a ƙofar gida cikin mota. Yarinyar ba za ta kama sunansa ba, ba za ta haɗa ido da shi a gaban mutane ba, in kuwa na sa ta buɗe baki ta ce tana son sa, duk tsohuwar da aka karanta wa za ta ce ƙarya nake. To ta yaya mai karatu zai san yarinya ta kamu? Na rubuta na yaga, na sake rubutawa na yaga. Daga ƙarshe ga abin da na yi. Fura ɗaya aka dama wa ayarin duka, kowa ya sha tasa, shi kaɗai da ya kai ƙasan ludayi ya ji zuma. Ya ɗaga kai, ta riga ta juya baya. Shi ke nan babin. Mata da yawa sun gaya mini a nan suka kife littafin suka yi tagumi.

Masu sayen littattafaina kuwa, sai in kwana ina ba ku labarinsu. Dilana tun littafin farko Alhaji Sabitu ne, Bakano mai shagon littattafai a Mararaba. Shi a cewarsa bai taɓa karanta ko ɗaya ba. Zai ɗaga littafi ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙare wa bango kallo, ya ce, "Wannan zai tafi," kuma da wuya ya kuskure. Cunkoson motocin safe daga Mararaba zuwa cikin gari ya sayar mini da littafi fiye da kowace talla, don mace ma'aikaciya in ta zauna a bas ba ta san ranar isa ba, dole ta nemi abin karantawa. Akwai teloli, da masu kitso, da ma'aikatan jinya. Akwai wata mai gasa kifi a Uke da ta tare ni a bakin titi ta yi mini tambayoyi kamar ina gaban alƙali. Maza ma suna saye, sai dai kullum "na madam ne." Ya biya ya kai ƙofa, sai ya waiwayo ya ce wa Alhaji, "Oga, wai shin yaron nan zai dawo kuwa a na biyu?" A wani biki a Kubwa, matar da ke raba abinci ta gane ni, ta janye faranti ta ce, "Ke ce kika kashe Bawa a littafi? Wallahi ba da hannuna za ki ci shinkafar nan ba." Sai wata ce ta zuba mini. Waɗannan su ne mutanen da ake cewa ba za su ƙaryata ki ba.

Labarin Laraba a bakin Mama Asabe na same shi. Tsohuwa ce 'yar Gbagyi, mutanen da mu Hausawa muka saba kira Gwari, masu ƙasar nan tun kafin a san za a yi wata Abuja. Ƙauyensu yana can bayan Gwagwalada, sai an hau acaɓa an ratsa gonakin doya. Wajen cinikin doya muka haɗu a kasuwa, muna ja-in-ja a kan farashi ta ce, "Kai, Bahaushe da ciniki! Kamar mijin kakana." Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk "kai" ne da "shi." Na bar doyar na kama maganar mijin kaka. Damina biyu na yi ina zuwa gidanta. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, tana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa da wani gilashi mai ɗaurin zare, kuma in ta ce wa matan ƙauyukan nan su yi magana da ke, za su yi. Ta dalilinta ƙofofi da yawa suka buɗe mini.

Ranar da ta yarda za ta ba ni labarin, ta ajiye wuƙar feraye ta ce, "Hajara, zan ba ka. Amma ku Hausawa kuna son yin dariya da mu. In ka sa kakana ya zama abin dariya, kar ka sake zuwa nan. Kuma zan gaya ma duka mata su rufe baki."

Na ce, "Mama, na ɗauki alkawari."

Kakar tata ita ce Laraba. Mijin kuwa Tanko, falke mai kanwa daga Arewa, wanda ayarinsu ke yada zango a gefen ƙauyen. Mutanen Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ƙwarya ta zauna a bayan wuya, hannu ya tallafe ta. Mama ta ce kai shi ne babba a jiki, shi ke ɗauke da tunani, ba a ƙara masa wani kaya. To haka Tanko ya fara ganin Laraba, tana saukowa daga dutse da ƙwaryar doya a kafaɗa, kanta a miƙe ba komai a bisansa. Bai taɓa ganin mace tana tafiya haka ba, ya tsaya kallo har jakinsa ya shiga gonar mutane. Da wannan na buɗe littafin, kuma a kansa soyayyar duka ta tsaya. Mama ta ba ni har zuwa aure da tafiyarsu Arewa, sannan ta ce a gurguje, "Daga baya sun dawo sun zauna a nan." Ban tona ba, don mu a littattafanmu in an kai amarya an gama.

Na gama rubutun a shekarar da sana'ar ta fi kowace shekara tsanani. Takarda ta yi tashin gwauron zabi. Masu karatu suka koma waya, wasu kuma suka riƙa kwafe tsofaffin littattafaina suna rabawa kyauta a guruf-guruf na waya, har wata ta turo mini nawa littafin tana cewa in karanta, yana da daɗi. Alhaji Sabitu ya kwashe littattafai daga rabin shagonsa ya jera cajar waya da marfin waya. Marubuta da yawa da muka taso tare suka ajiye biro, wata ta koma sayar da turaren wuta, wata ta koma dafa abincin biki. Ni da Alhaji muka haɗa ɗan abin da ya rage mana muka zuba a kan Laraba. Mun san in wannan bai tafi ba, babu na bayansa.

A ƙa'idata, ba a buga bango sai na je Kano na gani da idona. A wannan karon mai maɗaba'a ya ce farashin takarda kullum sabo ne, in an jira ni sai an ƙara. Sai ban je ba, na aika wa mai zanen da Alhaji ya saba da shi a can Kano bayani: budurwa tana saukowa daga dutse ɗauke da ƙwaryar doya, falke yana kallonta daga ƙasa. Alhaji ya ce a buga.

Ranar da kwalaye suka iso Mararaba na je da ɗokina. Alhaji ya yanka igiya, ƙamshin sabuwar takarda ya bugi hancina, na zaro na sama. Hoton ya yi kyau, wannan ne ma abin haushin. Ga dutse, ga Tanko da rawaninsa da jakinsa, ga Laraba kyakkyawa kamar ta yi magana. Ga kuma ƙwarya zaune daram a tsakiyar kanta, har da gammo. A nan take na kira mai zanen, na tambaye shi wa ya ce ya ɗora mata a ka. Bawan Allah ya ce, "Hajiya, ai cewa kika yi tana ɗauke da ƙwarya. To ina ake ɗaukar ƙwarya in ba a ka ba?" A Kano kam gaskiya ya faɗa.

Alhaji ya karɓi littafin ya auna a tafi yadda ya saba. Ya ce, "Haba Hajiya, wannan zai tafi. A Kano da Katsina wa ya san wata kafaɗa? Mu tura can, nan kuma mu yi shiru. Bizines ne fa."

Na ce, "Alhaji, littafi ƙafa gare shi. Jikokinta a kasuwar Gwagwalada suke wuni. Gara ta gani a hannuna da ta gani a hannun wata."

Ya ce, "In ta ce ba ta yarda ba fa? Kin san ba mu da na sake bugu."

Na ce, "Na sani. Amma ko ɗaya kada ya fita daga shagon nan sai na dawo."

Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, ya ce Allah Ya kyauta. Ya tura kwalayen ƙarƙashin teburin caja.

Washegari da hantsi na hau acaɓa da kwafi ɗaya a jaka. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na tarar da Mama a gindin mangwaro da wasu mata suna sussukar dawa. Muka gaisa, na tambayi gwiwa, aka kawo ruwa na sha. Sannan na ce, "Mama, littafi ya fito, amma an yi kuskure a bango. Ban sayar da ko ɗaya ba. Ga shi ki gani, abin da kika ce shi za a yi."

Ta goge hannu a zani, ta sa gilashinta. Matan suka bar taɓare suka zagaye ta. Ɗaya ta ƙyalƙyale da dariya, wata ta ja tsaki ta ce, "Wannan ai Bahaushiya ne, ba namu ba." Suka juya harshe suna magana da Gbagyi, ban ji duka ba amma na ji sunana yana yawo a ciki. Mama kuwa ta matso da littafin kusa da idonta. Ta daɗe tana kallon hoton, ta sa yatsa a kan gammon. Can ta ɗago ta ce, "Wa ya gaya ma mai zane?"

Na ce, "Ba wanda ya gaya masa, Mama. Shi a garinsu haka ya san ana ɗauka. Kuskure ne."

Ta ce, "Ba ka gane ba. Na ce wa ya gaya masa haka kakana ya dawo?"

Ta ce matan su zauna, ni ma ta nuna mini turmi na zauna a kai. Sai ta ba mu abin da ba ta ba ni ba a damina biyu. Da Laraba ta je garin su Tanko, ranar farko da ta je rijiya ta ɗora tulu a kafaɗa, mata suka bi ta da dariya har gida, yara suna kwaikwayonta. Ta daure, ta daure, daga baya ta nemi gammo ta koyi ɗauka a ka don a bar ta ta sha iska. Shekaru suka wuce. Da ta samu ta biyo ayarin mijinta don ganin gida, sai ta shigo ta hanyar dutsen nan da ƙwaryar tsaraba a kanta, ita ba ta ma san ta yi ba, jiki ya riga ya saba. Uwarta tana bakin gona. Ta ɗaga kai ta gan ta, sai ta juya fuska ta ce wannan ba 'yarta ba ce, ita 'yarta ba ta wulaƙanta kanta. Laraba ta tsaya a hanya, ta kasa gaba ta kasa baya, duk ƙauye yana kallo.

Na ce, "Sai aka yi yaya, Mama?"

Ta ce, "Sai Tanko ya bar jaki. Ya zo ya sauke ƙwarya daga kan matarsa, ya sa a kafaɗa nasa. Babban mutum, da rawani, da gemu! Bai iya ba. Yana tafiya haka, haka," ta karkata jiki tana gwada mana, "kanwa yana zuba, goro yana zuba, awaki suna bin shi. Mutane suka fara dariya. Shi bai tsaya ba, har gaban uwar. Ya durƙusa ya ce shi ne ya kai ta inda aka koya mata, a yi fushi da shi. Uwar ya so ya riƙe fuska, ya kasa. Ya yi dariya, ya yi kuka, ya kama 'yarsa. Tanko bai sake mayar da shi Arewa ba. Shi ya sa ka gan mu a nan, wasu a coci wasu a masallaci."

Matan da ɗazu suke tsaki yanzu suna tafa hannu, ashe su ma yawancinsu ba su taɓa ji ba. Na ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Wa yake son a ji kakansa ya sa kaya a kai? Kuma kai ka ce labarin soyayya kake so. Ku in an yi aure kuna rufe littafi."

Na ce, "To yanzu bangon nan fa?"

Ta sake kallonsa, ta miƙo mini, sai kuma ta fasa ta riƙe abinta. Ta ce, "Je ka sayar. Amma ka ga nan, yana kan hanya ne, bai iso ba. Kar ka bar shi a tsaye a nan mutane suna kallo. Ka rubuta na biyu, ka kawo shi gida."

Tun a kan acaɓa na kira Alhaji na ce ya buɗe kwalaye. A shafin ƙarshe na kowane kwafi muka manna 'yar takarda mai cewa matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka, duk mai son sanin dalilin da Laraba ta ɗauka ya nemi na biyu. Ku zo ku ga yadda mata suka hana Alhaji sakat. Maza masu saya wa madam ma suka daina ɓoyewa. Na biyun shi ne littafin da ya fi kowane nawa tafiya, a takarda da kuma a waya, don a lokacin na koyi sayarwa ta can ma. An sake bugawa, an kuma sakewa, caja ta koma lungu a shagon Alhaji.

Bangon na biyu kuwa ban aika bayani ba. Mai zanen na sa ya hau mota daga Kano, na kai shi ƙauyen da kaina. Matan suka ɗora masa ƙwaryar doya a kafaɗa suka ce ya kai ta gindin mangwaro. Bai yi nisa ba doya ta watse, ya bi ta yana tsincewa yana ba da haƙuri, su kuma suna riƙe ciki. Ya ce mini a ranar ya san yadda zai zana fuskar Tanko.

Da littafin ya fito, na farkon da na zaro daga kwali shi na kai wa Mama. Ta aika aka ɗauko mata na ɗaya daga ɗaki, ta jera su biyu a cinyarta. A wannan Laraba da ƙwarya a ka. A wancan Tanko ya karkace da ƙwarya a kafaɗa, rawani ya warware, kanwa tana zuba, Laraba tana biye da shi kanta a miƙe ba komai a bisansa, ga wata tsohuwa a bakin gona ta toshe baki da hannu. Mama ta kalli wannan, ta kalli wancan. Ta cire gilashin ta goge ido da bakin zani.

Ta ce, "Yauwa. Yanzu ya iso gida." Ta juya ta ƙwala wa surukarta kira. "A daka sakwara, muna da baƙi!"